Ƙaramar Amfilifayar Injiniya

Injiniya ake ce masa a layinsu, ko da yake shi da bakinsa yakan ce ba shi da takardar da ta ba shi wannan suna. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin tarho, a wani ɗaki marar taga cike da wayoyi, abin saurare maƙale a kunne, janareta na ruri a bayan bango. Aikinsa ya bi layin da ya mutu har ya gano inda ya tsinke. Da wayar hannu ta zo ta cinye aikin, aka sallame su da takardar yabo da agogon bango. Ya dawo gida da akwatin kayan aikinsa da hannuwan da ba su iya zama haka nan ba.

Mutum ne mai tsari har ya so ya yi yawa. Kusoshinsa na cikin kwalaben man shafawa, kowace kwalba da rubutu a murfinta. Matarsa takan ce ko almakashi ta ara a wurinsa sai ta ji kamar za a ce ta sa hannu a takarda. 'Ya'yansu huɗu duk sun kama gabansu. Babbar ce kaɗai ke kusa, ma'aikaciyar jinya, tana leƙo su duk mako ta auna musu jini ta yi musu faɗa a kan gishiri. Ɗakin samarin da ya zama fanko shi Injiniya ya share, ya shimfiɗa darduma, ya ce daga yau ɗakin sauraro ne.

Yana son kiɗa tun yana saurayi, amma ba mai son hayaniya ba ne. Abin da ke haɗa shi da rediyon kasuwa shi ne komai a dunƙule yake fitowa: ganga ta danne jita, jita ta danne muryar mai waƙa. A wata tsohuwar mujalla ya ga maganin abin. Kowane akwatin lasifika yana da babbar lasifika mai fitar da sauti mai kauri, da ƙarama mai fitar da siririn sauti. To maimakon amfilifaya ɗaya ta yi ta fama da su duka, sai a yi biyu, kowace da nata aikin, a sa wani ɗan akwati a gabansu ya riƙa raba musu sautin. Ya yi wa matarsa wannan bayani suna cin abinci. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wato dai wayoyin da take tsallakewa in tana shara za su ninka.

Wanda ya fahimce shi shi ne Gajere, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Gajere sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa. Tun suna makarantar koyon sana'a aka laƙa masa sunan don tsokana, ya bi shi har furfura. Shekara arba'in suna tare. Gajere ne ya riƙe masa fitila ranar da aka haifi babbar 'yarsa wuta ta ɗauke a asibiti, shi kuma Injiniya shi ya tsaya a kan jana'izar mahaifin Gajere.

Gajere ya ba shi shawarar ya sayi fanel haɗaɗɗe guda biyu, wato allon da ake jera ƙananan kayan amfilifaya a kai, irin wanda ake kawowa daga masana'anta, ya ɗaura a akwati ya huta. Injiniya ya ce in hutu yake nema ai da ya sayi rediyo.

Babbar amfilifayar ba ta ba shi wuya ba. Ya ciro taransifoma daga wata matacciyar sitabilaiza, ya jera taransisto takwas a kan guntun alminiyon na taga, ya haɗa. Kunnawar farko ta tashi. Gilashin taga ya yi ta rawa, har telan da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ya tambaya ko tirela aka saya a gidan.

Ƙaramar ita ce 'yar lelensa. Ya ce siririn sauti ba ƙarfi yake so ba, ladabi yake so. Saboda haka ya zaɓi irin haɗin da taransistocin ba sa hutawa, ko ana kiɗa ko ba a yi suna cin wuta, jikinsu kullum da zafi. Ya ce irin wannan ba ya yanke wa sauti gaɓa. Bai kwafi zanen kowa ba. Wata biyar yana zanawa a littafinsa mai jan bango, yana sokewa, yana sake zanawa. Akwatin da hannunsa ya fere katakon. Maɓallin ƙara murya kuwa daga wani tsohon inji na wurin aikinsa ya fito, baƙi, mai nauyi a hannu. Ranar da ta fara magana ya ɗora tafinsa a kan murfin, ya ji ɗumi na ratsowa, ya daɗe bai ɗauke ba.

Sai ƙananan lasifikun suka fara ƙonewa. Na farko sun yi mako uku. Na biyu ba su kai haka ba. Injiniya ya ce kayan jabu sun cika kasuwa, ba a ƙara samun abin kirki. Matarsa kuma da ya kunna sai ta ɗaure kai da ɗankwali ta koma can bayan gida, ta ce kanta ke sarawa. Ya ce dama ita ba ta taɓa sanin daɗin kiɗa ba.

Da na uku suka ƙone, Gajere ya zauna da shi ya gaya masa a hankali cewa akwai wani fito da amfilifayar ke yi can sama, siriri ƙwarai, shi ke dafa lasifikun. Ya ƙara da cewa maɓallin ma yana murɗa shi fiye da kima, ko zai sa 'yarsa ta kai shi a duba masa kunne. Injiniya ya tashi tsaye. Kunnen da ya shekara talatin da ɗaya yana jin numfashin layi daga wani gari, shi za a ce a duba? Wata biyu bai taka shagon Gajere ba. Gajere ne ya zo da kansa, da sababbin lasifiku a leda, ya ce a yi haƙuri, bakinsa ne ya zarce.

Ba a daɗe ba ƙanen Injiniya ya yi hatsarin mota a garin da yake aiki, ya tafi jinyarsa, ya yi mako uku. Da ya dawo, ko jakarsa bai kwance ba ya shiga ɗakin sauraro ya kunna. Ya ji muryar mai waƙar ta fito fes, ba wannan ɗan kaushin da ya saba ji yana ƙin faɗa. Ya taɓa murfin, ɗumi na nan. Ya kira matarsa ya ce ta zo ta ji, kayan sun zauna, dama sabon haɗi sai ya kwana biyu yake nuna halinsa. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce lallai kam ya yi daɗi. Daga ranar lasifika ba ta sake ƙonewa ba, ya ce Gajere ya dace da na gaske a ƙarshe. Matarsa ma ta fara shigowa da ɗinkinta tana zama a gefe.

A haka zaman Asabar ya samo asali. Da rana ta yi sanyi sai su taru: Gajere, da tela, da wani tsohon direban motar asibiti, da Ticha, wanda ya koyar da lissafi har ya yi ritaya. A kawo shayi, Injiniya ya sa faifai, ya yi ta bayani. Ya fi son ya yi magana a kan fanel ɗin kasuwa. Ya ce sautinsa kamar abincin da aka dafa wa mutum dubu ne, ba laifi, ba daɗi. Ya ce ko an ɗaure masa ido zai gane shi.

Wata Asabar ya matsa sai an gwada. Ya sa Gajere ya kawo amfilifayar kasuwa daga shago, ya rufe idonsa da hula, aka riƙa sauya masa waya. Gajere ya yi ta cewa a bar wasan nan, Injiniya bai bari ba. A karo na uku ya ɗaga yatsa ya ce wannan ce tasa, kuma ita ce ɗin.

"Kun ji ko? Wannan hannun mutum ne. Waccan inji ne ya tofo ta."

Tela ya yi dariya har ya sarƙe da shayi, direba ya yi ta bubbuga masa baya. Injiniya ya ɗauka Gajere ake yi wa.

Shekara biyu ana haka. Bai taɓa buɗe akwatin ba, don dokarsa ce tun yana aiki cewa abin da ke tafiya daidai ba a sa masa hannu. In ƙura ta taru, Gajere ne ke cewa ya kawo ya hure masa da injin shago, ya dawo da ita kafin Asabar.

Ticha ne ya jawo abin, ba da saninsa ba. Ya ce yana son irin ƙaramar amfilifayar sak, ya gaji da sauraro a gidan wani. Injiniya ya ji daɗin roƙon fiye da yadda ya nuna. Ranar Talata da hantsi ya buɗe jan littafinsa zai rubuta kayan da za a saya, sai ya tarar a wuri ɗaya ya rubuta lamba biyu, ya soke duka, bai san wacce ya sa a ƙarshe ba. Ya ce bari ya duba da ido. Ya ɗauko sukundireba ya kwance kusoshi shida, ya jera su a murfin kwalba, ya ɗaga katakon.

Taransifomarsa na nan. Alminiyon ɗinsa na nan. Amma inda fanel ɗinsa yake, mai faɗin tafin hannu biyu, wanda ya huda ramukansa ɗaya bayan ɗaya, wani ɗan kore ne zaune, bai fi kwalin ashana biyu ba, da farin rubutun masana'anta a jikinsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Yana nan.

Ya bi wayoyin da yatsa kamar yadda ya saba bin layi. An sa wa maɓallinsa wani ɗan abu a baya, yadda ko ya murɗa shi har ƙarshe muryar ba za ta wuce rabi ba. Sannan ya ga wata ƙatuwar rezista fara an ɗaure ta a jikin alminiyon. Ya bi wayarta. Daga wuta ta fito, wuta ta koma, ba ta taɓa hanyar sauti ko ta ina ba. Ya jima kafin ya gane aikinta, da ya gane kuwa sai da ya nemi kujera. Ba ta da wani aiki sai ta yi zafi. An sa ta ne don in ya ɗora tafinsa a murfin ya ji ɗumi.

Bai buƙaci a gaya masa hannun wa ne ba. Ɗigon dalmar ƙanana ne, masu sheƙi, an datse wutsiyar kowace waya a karkace. Shekara arba'in yana ganin wannan ɗigon a aikin Gajere.

Matarsa na guga a tsakar gida. Ya kawo akwatin a buɗe ya ajiye a kan teburin, kusa da rigunan da ta ninke. Ta kalle shi, ta kalli akwatin, ta tsayar da dutsen gugar a gindinsa.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Ni na buɗe masa ƙofa."

Ta ce lokacin da ya tafi jinya ne. Ta ce abin nan in ya kunna ji take kamar ana tura mata allura ta kunne har cikin ido, ta faɗa masa ya fi sau goma, ya ce ba ta san kiɗa ba. Ita ta kai kuka wurin 'yarsu, 'yar ta je ta sami Gajere. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ce ya yafe mata ba. Ta ce ta ga yadda ya dawo daga ritaya kamar an zare masa laka, wannan akwatin ne ya tashe shi, ba ta so ta zama ita ce za ta sake kwantar da shi.

Ya tambaye ta wa da wa suka sani. Ta lissafa: 'yarsu, da mijinta, da tela, don shi ya riƙe wa Gajere tocila ranar. Direba kuma tela ne ya gaya masa. Ticha kaɗai aka ɓoye wa, don an san ba ya iya riƙe magana.

Ya mayar da murfin bai ɗaura kusoshin ba, ya rungumi akwatin ya fita. Da ƙafa ya tafi kasuwa, cikin rana, bai amsa gaisuwar kowa a hanya ba.

Gajere na kan wata talabijin da aka kwantar a kan fuskarta. Ya ɗago ya ga akwatin, ya ajiye ƙarfen dalma a mazauninsa. Bai yi musu ba. Ya jawo durowar ƙasa, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohuwar riga, ya warware. Fanel ɗin Injiniya ne, ko ƙura babu.

Gajere ya ce Injiniya ya zauna ya nuna masa abu ɗaya. A bayan shagon akwai wani tsohon inji mai ɗan gilashi a fuska, wanda ke zana sauti da koren layi. Gajere ya ba fanel ɗin wuta, ya ɗora masa tsinken injin. Ba kiɗa, ba komai, ya kamata layin ya kwanta a miƙe. Maimakon haka ya cika gilashin da tsalle, sama da ƙasa, kamar haƙoran zarto.

"Ka ga fiton da na ce maka. Yanzu haka yana yi. Ni ma da ƙyar nake jin gefensa, kai kuwa ba ka jinsa sam."

Injiniya ya kalli layin. Ma'aikaci ne, ya san abin da yake gani, bai yi gardama da shi ba.

"Wannan na yarda. Laifin zanena ne. Da ka kawo ni nan ka nuna mini."

"Na gaya maka, mutumina. Wata biyu ka yi ba ka gaishe ni ba."

"Sai ka bari in yi wata huɗu. Da na huce na zo." Ya nuna farar rezistar da yatsa. "Wannan fa? Ita ma don lasifika kar ta ƙone ka sa ta?"

Gajere ya kashe injin, Injiniya ya ci gaba.

"Ka zauna ka yi tunani. Ka ce mutumin nan yana taɓa murfi, bari in yi masa dabara. Ka san ni har can, shi ya sa ka iya. Sannan ka zauna a ɗakina shekara biyu kana shan shayina, na rufe ido da hula a gaban mutane, kana riƙe da waya."

Gajere ya ce ya roƙe shi ranar a bar wasan. Injiniya ya ce haka ne, ya roƙa. Ya naɗe fanel ɗinsa a rigar, ya sa a hammata, ya bar masa akwatin da abin da ke ciki.

Asabar ta zo, ya sa matarsa ta ce ba ya jin daɗi. Ta biyu ma haka. Daga nan ba wanda ya sake ƙwanƙwasawa sai Ticha, wanda ya zo tambayar ina aka kwana a maganar tasa. Injiniya ya gaya masa komai, tun daga fari. Ticha ya riƙe baki, ya ce shi wallahi da kunnensa ya ji bambanci ranar nan. Injiniya ya ce shi ma ya ji.

'Yarsa ta zo ta durƙusa ta ce Baba a yi haƙuri, ita ta kitsa. Ya ce ta tashi, ya ji. Bayan mako biyu da kansa ya ce ta kai shi wurin likitan kunne. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ya danna, ya danna, sannan ya zauna yana jira, yana hango 'yarsa ta gilashi tana kallon ƙasa. Likitan ya ce siririn sauti ya daɗe da barinsa, kunnen hagu ya fi lalacewa, irin na waɗanda suka yi aiki kusa da inji ne. Aka rubuta masa na'urar ji. Ya karɓa, ya sa a kwalba, ya rubuta sunanta a murfi.

Fanel ɗin kuwa bai bar shi ba. Ya sami wani mai gyara a ɗaya gefen garin, wanda bai san shi ba, yana zuwa yana amfani da injinsa mai koren layi. Wata uku yana bin laifin. A ƙarshe ya same shi: wayoyi biyu ne ya jera kusa da juna da bai kamata su haɗa hanya ba, da wata 'yar kapasita da ya kamata ya sa bai sa ba, abin da bai kai ƙwayar wake ba. Ya gyara, layin ya kwanta. Ya fere sabon akwati.

Ranar da ya kunna, matarsa ta shigo ta zauna har faifan ya ƙare. Ta ce ba abin da ke soka mata kunne, kuma ya yi daɗi. Ya san wannan karon gaskiya ta faɗa, don ya ga layin da idonsa. Amma kalmomin su ne dai waɗanda ta faɗa a bakin ƙofa shekara biyu da suka wuce, da irin muryar, ya rasa inda zai ajiye su. Ya ce to madalla, ya kashe.

Shi da Gajere ba su yi gaba ba. In sun haɗu suna gaisawa, a tambayi iyali, a tambayi ƙafa. Da Gajere ya kwanta ciwon suga har ya rufe shago, Injiniya ya je duba shi sau uku, suka yi hirar magani da tsadar kayan gyara da wani malaminsu na makarantar sana'a da ya rasu. A zuwa na uku, yana shirin tashi, Gajere ya tambaye shi ko ya gano inda fiton yake. Ya ce ya gano. Gajere ya ce a ina? Injiniya ya tsaya da hula a hannu, bayanin na bakinsa, ya san duk garin ba wanda zai ji daɗin jinsa kamar mutumin nan da ke kwance. Ya ce wani ɗan abu ne, ba shi da yawa. Ya yi masa fatan sauƙi ya fito.

Har yanzu yana sauraron kiɗa, yawanci da hantsi, shi kaɗai, ƙofa a rufe. Ticha ya sami tasa amfilifayar, da fanel ɗin da Injiniya ya haɗa da hannunsa. Kafin ya ɗaure murfin sai da ya sa Ticha ya sa tabarau ya leƙa ciki, ya nuna masa kowane abu da sunansa da aikinsa, sannan ya miƙa masa sukundireba ya ce ya ɗaura kusoshin da kansa.